Kan Jirgi Mai Sunan Kogi

Zan yi magana a kan wani abu wanda galibinmu ba mu taɓa ganinsa yana aiki ba sai dai a hoto, watau kan jirgin ƙasa mai cin kwal, mai tafiya da tururi. Ba kuwa dukansu na ke nufi ba, gama suna da yawa, ko wane da irin ƙirarsa. Iri guda na zaɓa, wanda aka fara kawowa Nijeriya cikin 1948. Turawan reluwe suka sa wa irin suna River, watau Kogi, saboda ko wane ɗaya daga cikinsu an liƙa masa sunan wani kogi na ƙasarmu a jikinsa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, tun muna ƙanana a ke koya mana, mu kuma ga shi an kusa sallamarmu mu je mu koya wa na baya, wai jirgin ƙasa ne ya zo ya tarad da manomin Kano yana barci, ya tashe shi, ya nuna masa hanyar kuɗi. Ban ce ƙarya ce tsantsa ba. Amma rabin zance ne, rabin zance kuwa a bakin malamin makaranta abin tsoro ne, don yara ba su da abin da za su gwada shi da shi. Ɗaya rabin shi ne, manomin nan, da 'yar hauyarsa da jakinsa, shi ya tara kayan da ya fi ƙarfin jirgi, har ya zama tilas maƙeran Ingila su zauna su ƙera sabon kai daidai da ƙasarmu. Wanda ya iya karatun jikin wannan kan jirgi zai ga dogonmu a ciki, ya ga kwal ɗinmu, ya ga gyaɗarmu.

Ni mutumin karkarar Kano ne, daga wani ƙauye arewa maso gabas da birni, tsakanin Gezawa da Jogana. Wanda bai san wajen ba, da jin an ce ƙauye sai ya zaci daji ne. Babu daji ko kaɗan. Gona tana manne da gona, iyakarsu 'yar gamba ce ko jerin lalle, gida yana hangen gida, ba a barin saura ta huta don babu filin da za a bari. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki: kashin awaki da na tumaki, da toka, da shara, har da jujin birni wanda kakanninmu su ke ɗebowa a mangala bisa jakuna da rani. Ga gawo tsaye a tsakiyar gonaki, mai kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru yana binciken yadda jama'a mai yawa haka ta ke cin abinci daga wannan jigawa shekara da shekaru ba ta kashe ta ba. Mutanen da suka iya wannan ba barci su ke yi ba.

To, bari mu koma farkon al'amari. Cikin 1907 aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Ƙwara, zuwa Kano, mil 356. Gwamnan Arewa na lokacin, Girouard, mutumin Kanada ne, asalin sana'arsa kuwa aikin reluwe, shi ya shimfiɗa wa Kitchener dogo cikin hamadar Sudan. Ƙarafa da kawunan jirgi ta ruwa aka hauro da su sa'ad da kogi ya cika, aka sauke a Baro. Masu haƙa da masu ɗaukar ƙasa a ka talakawa ne, waɗanda aka ɗebo ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Su ne 'yan diga. Dogo ya iso Kano cikin watan Maris na 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe shi ga fatake cikin 1912. A wannan shekara layin Ikko ya sadu da shi a Minna, ko da ya ke sai da jirgin ruwa a ke ƙetarar da taragai a Jabba har aka gama gada cikin 1916.

Abin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne, ba don gyaɗa aka yi dogon nan ba. Auduga a ke kwaɗayi. Masaƙun Lankasha na Ingila sun gaji da dogara ga audugar Amurka, suka sa rai ƙasar Kano za ta cika musu rumbu. Sai manomi ya yi lissafinsa a zuci, ba allo ba alli. Masaƙan gida da marina suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai saya. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ba ta gajiyar da gona, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta faɗi a ci ta a gida, a yi mai, a yi ƙuli-ƙuli. Auduga fa, wa zai ci? Ga haraji an ce sai da kuɗin Turawa. Fataken goro na Kano, waɗanda suka riga suka san ko wane ƙauye da mai garinsa, suka bazu suna ba da bashin gishiri da tufafi a biya da gyaɗa. Cikin 1911 gyaɗar da ta fita daga Nijeriya ba ta kai tan 2,000 ba. Cikin 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhu. Tun daga ran nan jirgi ke bin gyaɗa a baya yana haki.

Aka yi ta ƙara dogo. An ga kwal a Udi cikin 1909, aka haɗa Inugu da Fatakwal cikin 1916, layin gabas ya hauro ta Kafanchan ya sadu da Kaduna cikin 1927, aka gama gadar Makurɗi bisa Binuwai cikin 1932. Namu na kusa, wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Jogana da Zakirai da Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru cikin 1930, mil 143. Dubi taswira, ya ɗan'uwana, ka ga yadda layukan nan su ke: ko wane reshe ya miƙa hannu cikin ƙasar gyaɗa ko ta auduga ko ta kuza, gindinsu duka yana bakin teku.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, daga 1939 zuwa 1945. Maƙerun Ingila suka koma ƙera kayan yaƙi, kawunan jirgin Nijeriya suka yi ta aiki dare da rana, ba hutu, ba isassun kayan gyara. Da aka ƙare yaƙi mutanen Ingila suna cikin ƙuncin man girki, ana auna wa ko wane gida ɗan rabonsa na mako. Gyaɗa ga ta a Kano, amma ba abin ɗauka. Kakar bana ta zo ta tarad da ta bara ba ta tafi ba. Nan ne aka yi ta jera buhuna bisa buhuna a filin tasha, dala bayan dala, guda ɗaya takan ci buhu wajen 15,000, a lulluɓe ta da tamfol. Sunan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955, ya tafi tare da dalar nan har yau. Mu yanzu muna ganin hotonta muna alfahari, ya kuwa cancanci alfahari, don gumin kakanninmu ne. Amma a idon ma'aikacin reluwe na 1947, ko wace dala shaida ce ta jirgin da bai zo ba. Ƙwaro ma ya shiga cikinta yana ɓarna, har sai da aka riƙa turara mata magani.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci Gwamnatin Ingila ta tafi Tanganika, a gabashin Afirka, wai za ta share daji da manyan injuna ta noma gyaɗa da kanta. An soma cikin 1947, aka bari cikin 1951, bayan an yi hasarar fam miliyan 36 da ɗoriya, ƙasa ta ƙi, ruwa ya ƙi. Ga ta nan kuwa a Kano, an nome, an ɓare, an ɗinke a buhu, ba ta bukatar kome sai kan jirgi. Na kan yi tunanin da an kashe ko da ushirin kuɗin nan a kan dogonmu, da me ya faru.

Cikin wannan hali aka yi odar masu sunan kogi. Ofishin Crown Agents na Landan, watau wakilan da ke yi wa gwamnatocin ƙasashen mallaka sayayya, su ke tsayawa a kan irin wannan ciniki. Maƙerar Vulcan Foundry ta ƙera guda 20 na farko cikin 1948, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga baya kamfanin North British na Gilasgo ya ƙaro waɗansu. Maƙerar Vulcan ɗin nan kuwa a ina ta ke? A Lankasha, tsakanin Libaful da Mancesta, ƙasar masaƙun da suka nemi audugarmu ba su samu yadda su ke so ba. Sun nemi auduga, suka ƙare da ƙera wa gyaɗa abin hawa.

Maƙerin kan jirgi kamar tela ya ke, ba ya yanka sai ya auna mai riga. Awo na fari shi ne dogo. Faɗin tsohon dogonmu, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inci 42 ne, na Ingila kuwa inci 56 da rabi. An zaɓi ƙunƙuntar hanya don arha, don kuma ta iya karkacewa ta kewaye tudu maimakon a fasa shi. Ƙarfen kansa ba shi da kauri: galibin babban layinmu na lokacin laba 60 ne nauyin yadi guda, na Ingila kuwa laba 95. Ga gadoji an yi su da tsimi. Saboda haka ba dama a ɗora wa wuri guda nauyi mai yawa, sai dai a rarraba, kamar yadda in katangar ɗaki ba ta da ƙarfi a ke yawaita azara. Shi ya sa aka yi wa mai sunan kogi ƙafafu goma sha biyu, aka jera su haka: biyu ƙanana a gaba, takwas manya a tsakiya, biyu ƙanana a baya. Masu sana'ar suna rubuta wannan jeri 2-8-2. Na gaba su ne ja-gora, su ke fara shiga kwana su jawo sauran jiki a hankali. Takwas na tsakiya su ke ja, an ɗaure su da sandunan ƙarfe don su juya tare, nauyin da ke kan ko wace tagwayen ƙafa kimanin tan 13. Na baya kuwa, aikinsu yana zuwa.

Tsayin ko wace ƙafa mai ja inci 48 ne. Wannan gajeriyar ƙafa ce. Akwai wani kan jirgi na Ingila mai suna Mallard, wanda ya yi gudun mil 126 a sa'a cikin 1938, ba wani mai tururi da ya taɓa wuce shi. Ƙafarsa inci 80 ce. Doguwar ƙafa ta gudu ce, gajeriya ta jan kaya. Wancan dokin sukuwa ne na ranar hawan salla, namu takarkari ne. Ba wanda ya nemi gyaɗa ta isa Ikko da sauri, so a ke ta isa da yawa.

Awo na biyu shi ne kwal, a nan kuwa hikimar ƙirar ta ke. Kwal ɗin Inugu ba irin na Wales ba ne mai zafi da tsabta. Yana da toka da yawa, ƙarfin wutarsa kaɗan ne, in ya daɗe a tare sai ya marmashe. Duk macen da ta taɓa girki da ƙirare maimakon itacen kirya ta san dabarar: in makamashi ba shi da ƙarfi, sai a faɗaɗa murhu a yawaita shi, a bar wa iska hanya. Haka maƙeran suka yi. Ragar murhun mai sunan kogi, in an auna da ma'aunin ƙafa, murabba'i 38 ce, watau kamar a shimfiɗa tabarma biyu gefe da gefe. To, murhu mai faɗi haka ba zai shiga tsakanin manyan ƙafafu a kan dogo mai inci 42 ba. Sai aka janye shi baya, ya wuce manyan ƙafafun, ya baje yadda ya ke so, aka sa ƙananan nan biyu na baya su tallafe shi. Ashe ƙafafun nan biyu tokar Inugu ce ta haife su.

Ba a kanmu aka fara wannan dabara ba. Cikin 1897 kamfanin Baldwin na Amurka ya ƙera wa Japan kawunan jirgi masu wannan jeri, don su ma dogonsu inci 42 ne, kwal ɗin da za su ƙona kuma maras ƙarfi ne. Daga nan a ke kiran jerin 2-8-2 da suna Mikado, laƙabin sarkin Japan. Larura iri ɗaya, magani iri ɗaya, ko da ƙasa ta yi nisa da ƙasa.

Yanzu bari in bayyana yadda abin ke tafiya, don na lura da yawa daga cikinmu suna zaton wuta ce ke tura jirgi. Ba wuta ba ce, ruwa ne. Dogon jikin nan mai kama da ganga tukunya ce cike da ruwa, an ratsa ta da bututu masu yawa daga murhu zuwa gaba. Zafin wuta yana bi ta cikin bututun, ruwa ya tafasa. Ruwa kuwa in ya zama tururi a sarari, yana neman wuri fiye da ninki 1,600 na inda ya ke dā. Tukunya a rufe ta ke, ba mafita, sai tururi ya yi ta matsuwa har ƙarfinsa ya kai laba 200 a kan ko wane inci murabba'i. A sake bi da shi ta cikin zafi ya bushe sarai, sa'an nan direba ya buɗe masa ƙofa ya shiga silinda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Cikin ko wace akwai fistin, kamar na famfon keke amma ƙato, faɗinsa inci 18, tafiyarsa inci 26. Tururi ya tura shi gaba, bawul ya juya, tururi ya shigo ta ɗaya gefen ya komo da shi baya, sandar ƙarfe ta kai wannan kai da kawowa ga ƙafa ta mai da shi juyi.

Ga lissafi, ya ku masu shirin koyar da aji. Fuskar fistin mai faɗin inci 18 tana da inci murabba'i wajen 254. Riɓa da 200, ka sami laba fiye da 50,000, watau fiye da tan 22 a kan faifan ƙarfe wanda bai fi faifan rufe ƙwarya girma ba. Kewayen ƙafa mai inci 48 kuwa yadi 4 ne da ɗan ɗoriya, mil guda yadi 1,760, saboda haka ƙafa tana juyawa sau 420 cikin ko wane mil. Daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ne. Juyi 294,000 ke nan. A ganina yaro zai fi riƙe wannan bisa ga lissafin lemo da ayaba wanda ba a ƙasarsa su ke tsirowa ba.

Wani abu kuma da ya ƙayatar da ni. Tururin da ya gama aiki a silinda ba a barinsa ya tafi banza. Ana harba shi sama ta bututun hayaƙi, shi kuwa da wucewarsa sai ya zuƙo iska ta ƙarƙashin murhu, wuta ta ƙara ruruwa. Watau jirgi da kansa ya ke yi wa kansa zuga, ba ya bukatar yaron maƙera. In kaya ya yi nauyi ya ƙara shan tururi, zugar ta ƙaru, wuta ta ƙaru. Wannan harbi shi ne nishin da tsofaffi ke kwaikwayo in suna ba da labarin jirgi, sau huɗu cikin ko wane juyin ƙafa, sau 1,680 cikin mil guda in yana kan ja. Da yaro zai ƙirga nishin, da ya san gudun jirgi ba tare da ya gan shi ba.

Awo na uku maƙera ba su iya masa kome ba, shi ne ruwa. Kan jirgi mai tururi ya fi shan ruwa bisa ga cin kwal, nesa ba kusa ba. Shi ya sa ya ke jan wani tarago na musamman a bayansa, kwal a sama, ruwa a ƙasa, shi ya sa kuma aka kafa tankuna a tashoshi. A ƙasar da sama ke rufewa wata bakwai ko takwas, ba ƙaramin aiki ba ne a shayar da irin wannan baƙo, lokacin ɗaukar gyaɗa kuwa shi ne rani. Na kan yi murmushi in na tuna sunayen da aka ba su. Akwai ɗaya da aka sa wa sunan Karaɗuwa, kogin nan na ƙasar Katsina, wanda da rani sai dai a tona yashi a sami na sha. Mai sunan kogi, ga shi kullum da ƙishirwa.

Kada ƙarfe ya ɗauke mana hankali mu manta da mutane. Murhun nan mai faɗin tabarma biyu, mutum ne ke ciyar da shi da shebur, yana tsaye a kan abin da ke girgiza, cikin zafin bazara, wuta a gabansa rana a bisansa. Ba zubawa kawai ya ke yi ba, sai ya watsa kwal ya rufe ko wane lungu daidai, in ya bar rami iska mai sanyi ta shiga tururi ya faɗi, in ya cika tulawa toka ta dunƙule ta toshe raga. Cikin 1945 ma'aikatan reluwe, da shugabansu Michael Imoudu, su ne ƙashin bayan yajin aikin da ya tsayad da ƙasar nan fiye da kwana 40 a kan tsadar zama. Ran 18 ga Nuwamba 1949 kuwa, shekara guda bayan isowar masu sunan kogi, 'yan sanda suka harbe mahaƙan kwal 21 a Iva Valley ta Inugu, suna neman hakkinsu. Kwal ɗin da suka mutu a kansa shi ne ya ja gyaɗar ƙauyenmu zuwa teku. Ban taɓa jin an haɗa wa yaran Kano waɗannan labaru biyu a darasi guda ba, alhali igiya ɗaya ce.

Kakana, Allah ya jiƙansa, yana yaro a wajen shekarun 1950 ya ke bin mahaifinsa kai gyaɗa kanti. Ya ce tun asuba a ke ɗaure wa jaki kaya, a bi turba tsakanin kan gero da aka sassare, a tarad da wuri ya cika da jakuna da raƙuman Buzaye. Abin da ya tsaya masa a rai har tsufa ba jirgin ba ne, sikeli ne. Akawu ya dubi allura ya faɗi lamba da Turanci, ya rubuta, ya miƙo kuɗi, mai kaya ba shi da ta cewa don bai iya karatun boko ba. Ya ce wannan ne ya sa ya rantse 'ya'yansa sai sun yi makaranta biyu. Sama da akawu kuma akwai wani sikelin wanda manomi bai taɓa gani ba. Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita kaɗai ke da ikon sayarwa waje, ita ke yanka farashin kaka, ta biya manomi ƙasa da abin da ta ke samu a kasuwar duniya, ta ajiye rarar. An yi ayyuka da rarar nan, ban musa ba. Amma mai gyaɗa ba a tambaye shi ba. An auna dogo, an auna kwal, an auna gada, shi ne kaɗai tela bai zo ya auna ba.

Ƙirar mai sunan kogi ta yi kyau har ta yi 'ya'ya a waje. Hukumar reluwe ta Afirka ta Gabas, mai kula da Kenya da Uganda da Tanganika, ta ɗauki fasalinsa ta ba kamfanin North British ya ƙera mata guda 31 cikin shekarun 1950, ta kira su aji na 29, ta ba su sunayen ƙabilu. Su dogonsu mita guda ne, watau inci 39 da ɗan ɗoriya, kuma baƙin mai su ke ƙonawa, ba kwal ba. Ka ga ƙasar da aka je noma gyaɗa aka kasa, daga baya ta gaji kan jirgin da gyaɗar Kano ta jawo aka ƙera.

Zamaninsu bai yi tsawo ba. Cikin 1955, shekarar da reluwe ta zama hukuma mai zaman kanta, aka kawo kawuna masu shan man dizal na kamfanin English Electric, waɗanda ba su bukatar tanki a ko wace tasha, ba su bukatar a kwana ana hura musu wuta. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal daga Inugu, masu tururi suka rasa abinci. Gyaɗar ma ta bi su: farin 1973 ya buge ta, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, dala ta ɓace daga filin tasha. Manomanmu suka ƙara ba wake da gero ƙarfi, ba su fasa kai taki gona ba.

Cikin 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, mai faɗin inci 56 da rabi. Wannan karon fuskarsa arewa ta ke kallo, hanyar da ayarin kakanninmu ke bi tun kafin a san Baro. Ina murna da shi. Abin da na ke so yaran da za mu koyar su iya tambaya shi ne irin tambayar tela: da awon wa aka yanka, kayan wa zai ɗauka, wa zai iya kwance shi ya ɗaura in ya lalace? Yaron da ya san dalilin ƙafafun nan biyu na baya zai iya wannan tambaya.

Ni dai in an tura ni makarantar ƙauye, na yi niyyar in fitar da yara fili, in kafa tsinke, in ɗaura igiya mai inci 24, mu zana da'irar ƙafar jirgi a ƙasa, su auna kewayenta da kansu, sa'an nan mu shimfiɗa tabarma biyu su ga girman murhu. Ina kuma roƙon duk wanda ke da tsoho a gida wanda ya yi aikin loko a Kano ko Zariya ko Kafanchan, ko direba ne, ko mai shebur, ko mai share toka, ya zauna da shi wannan hutu da takarda da alƙalami, ya rubuta sunayen kogunan da ya tuna ya gani a jikin kawunan jirgi, da inda su ke tsayawa shan ruwa, da abin da a ke biyansa a wata, ya aiko wa Edita.